Linzamin Gado a Bakin Goɗiya

Shekarar da allona ya kai Tabaraka Baba ya kawo goɗiya gidanmu. Garinmu ƙarami ne, mai ganuwa, tsakanin Kafur da Malumfashi. Baba manomi ne, in rani ya yi kuma ya bi kasuwanni da taba da auduga. Da ƙafa yake bin jakunansa, sai da gwiwa ta fara damunsa ya ba wasu makiyaya shanu suka ba shi goɗiyar. Ja ce, 'yar madaidaiciya, da farin gashi a goshi kamar an ɗiga mata nono. Kanta ƙarami ne, bakinta siriri.

Ni ce 'yar fari a gidan. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ɗan ma ba ya tsayawa gabansa ya kawo magana. Inna ma haka take yi da ni. Tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka nake, mahaifiyar Baba. In Baba yana son ruwa kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi rumbu ya ce, "Babu kowa ne a gidan nan?" Ni kuwa in kawo in ajiye in wuce. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, kowane gida haka yake. Ga shi dama ni ba mai magana ba ce. A makaranta Malam yakan karkato kunne ya ce, "Ke, karatu kike yi ko addu'a kike wa allon?"

Ƙannena maza duk ƙanana ne, saboda haka hidimar goɗiya da yamma ta faɗo kaina. Baba ke yi da safe: ya share turke, ya dama mata dusa da kanwa. Ni kuma in an tashi makarantar la'asar in cika mata kwatarniya da ruwa, in sauko mata da harawa. Ba wanda ya raba mana aikin. In na zo sai in tarar ya gyara igiyar da na ɗaure ba daidai ba, shi kuma in ya zo ya tarar na cire mata kaska. Wannan ne kaɗai aikin da ni da Baba muke yi tare, ko da yake ba mu taɓa tsayawa a wurin lokaci guda ba.

A zaurenmu akwai kayan dokin kakana, mijin Kaka, wanda ya rasu ban yi wayo ba. Sirdi ne, da likkafu, da linzami. An ce ingarma yake hawa, baƙi, wanda sai an taka turmi ake kai wa bayansa. Linzamin nasa baƙin ƙarfe ne mai nauyi. A tsakiyar sandar da ke shiga baki akwai wani dogon ƙarfe da ake ce wa harshe, a jikinsa kuma an maƙala babban zobe wanda ke zagaye haɓar doki. In mahayi ya ja kamazuru, wato igiyar fatar da yake riƙewa, harshen ya tashi ya daki ganɗa, zoben ya matse haɓa, dole doki ya tsaya. A gidan da aka gaji kayan doki ba a sake su. In ɗa ya je ya sayo sabo alhali na ubansa na rataye, sai a ce ya raina gida. Don haka Baba bai ko yi shawara ba, ya goge tsatsa, ya shafa mai, ya sa wa goɗiya.

A hannun makiyaya da igiya kawai ake hawanta, yara ma suna hawa. Amma tun da ta ɗanɗana linzamin nan ta sake hali. Da ta ji ƙararsa sai ta ja da baya har igiyar turke ta miƙe. In an hau ta, ta riƙa wurgi da kai, ta yi tafiyar gefe, wani lokaci ta miƙe tsaye. Ana cikin bazara, wata rana Baba ya dawo daga Kafur da ƙafa, yana ɗingishi, rawaninsa duk ƙasa, yana janye da ita. Ta kayar da shi a gangaren rafi.

Baffa, ƙanen Baba, ya shigo yi masa sannu. Ina bayan rumbu ina kakkaɓe harawa ina jin su.

"Taurin baki ne, Yaya," in ji Baffa. "Irin waɗannan sai an ƙara musu ƙarfe."

"Wane ƙarfe ya fi na mahaifinmu? Wadda ba ta ji wannan ba, me za ta ji?"

"To, kasuwar Danja ba ta taɓa ƙin kowa ba. Wani ya saya ya ga abin da ka gani."

Washegari aka kira dillali. Ya zo ya zagaya ta, ya bubbuga mata cinya, ya ce zai zo ya ja ta ranar kasuwa.

Ni kuwa akwai abubuwan da na daɗe ina gani. In ta sha ruwa, abin da ya rage a kwatarniya yakan yi ja-ja. Harawa ganyen kawai take tsincewa ta bar karan, alhali da har karan take cinyewa. In tana tauna sai ta karkata kai, abincin yana zubowa. Ga ƙudaje da suka tare a gefen bakinta. Ran nan da yamma na yi ta shafa wuyanta har ta sauke kai, na sa yatsa na ɗaga leɓenta a hankali. A giɓin da ke tsakanin haƙoran gaba da na tauna, inda sandar linzami ke zama, dasashin ya tsage gefe da gefe. Ƙarƙashin haɓa fata ta saɓule. Da ta buɗe baki na hango wani baƙin miki a ganɗa, wari ya bugo ni.

Na tsaya riƙe da ragamarta na rasa inda zan kai wannan magana. Baba ba ni da damar tunkararsa da ita. Inna ko na faɗa mata ba za ta amsa ba, kuma ba ta shiga sha'anin turke. Saura Kaka, kuma linzamin na mijinta ne.

Na ɗebo ragowar ruwan a ƙoƙo na kai mata. Tana zaune a inuwar ɗaki tana kaɗi.

"Ƙawata, yau kuma ruwan doki za ki ba ni? Me na yi miki?"

"Kaka, duba launinsa."

Ta leƙa. "Jar ƙasa ce. Rijiyar ta yi ƙasa."

"Na randa daga rijiyar yake, shi bai yi ja ba."

Ta ajiye mazari ta dube ni, don ba ta saba jin na mayar da magana ba. Na ce ta zo ta gani. Ta ce ita da ta haifi maza ba za ta mutu a ƙafar goɗiya ba. Ban tashi ba. Na zauna da ƙoƙon a gabanta har ta gama abin da ke kan mazarin, ta ɗauko sabuwar auduga, ta dube ni, ta mayar da audugar.

"Kai, wannan yarinya da naci kamar ƙudan bazara. Mu je."

Ta tsaya nesa, ta miƙa wuya. Da na ɗaga leɓen sai ta matso da kanta. Ta daɗe tana kallo.

"Linzamin ne," na ce. "Ya yi mata yawa."

"Rufe min baki. Linzamin da ya yi shekaru a gidan nan?" Ta koma ɗaki. Daren nan ba ta yi mini tatsuniya ba.

Kullum bayan sallar asuba Baba yakan zo ƙofar ɗakin Kaka ya durƙusa ya gaishe ta, ni kuma in koma lungun gado. Da safen nan bayan sun gaisa zai tashi, ta ce ya zauna.

"Ka taɓa duba bakin dabbar nan?"

"Na duba haƙoranta ran da na karɓe ta, Iya."

"Ban ce haƙora ba. Wata mai ido ta nuna min, bakin duk miki ne."

Baba bai tambayi wace ce mai idon ba. Sai ya ce, "Iya, linzamin Baba ne."

"Ni za ka gaya wa? Ina gidan nan aka ƙera shi. Maƙeri har turke ya zo ya gwada bakin wancan baƙin shaiɗanin da ya ci min zane. Ubanka don dokinsa ya yi, bai yi don goɗiyar da ba a haifi uwarta ba. Rigarsa ma ai sai da aka rage maka ita ka sa."

"Mutane za su ce..."

"Su zo su ce min. Ni na fi su kusa da shi."

Ya ce ya riga ya ba dillali magana. Ta ce magana ba ta ruɓewa, ya aika a ce masa sai kasuwa ta gaba. In lokacin ya yi goɗiya ba ta hawu ba, a tafi da ita, ba za ta ƙara cewa komai ba. Baba ya ce to. Da ya fita na ji bai nufi zaure ba, turke ya nufa, ya kuma daɗe a can.

Aka rataye linzamin. Kaka ta jiƙa bagaruwa, ni kuma safe da yamma in tsoma tsumma in matse a kan mikin, in shafa man kaɗe a haɓa. Da farko sai na yi ta fama kafin ta bari. Na riƙa jiƙa mata harawa ta yi laushi. Baba ya daina sa kanwa a dusa ba tare da an ce masa ba. Kafin mako ya zagayo warin ya tafi, bakin mikin ya fara haɗewa.

Saura abin da za a sa mata. Na ɗauki zaren abawa na ratsa shi ta giɓin bakinta, na ƙulla daidai leɓe na dama da na hagu. Na ɗauki wani na zagaye haɓar na ƙulla. Da na kai zaure na gwada da linzamin kakana, sandar ta zarce ƙullin nesa, zoben kuwa hannuna biyu suna shiga. Ashe yawo yake yi a bakinta, in an ja ya karkace ya yanki gefe ɗaya.

Maƙerin garinmu taubashin Kaka ne, ba sa haɗuwa sai sun yi tsiya. Muka tafi da hantsi, ina ɗauke da tsohuwar fartanya wadda za a sarrafa ƙarfenta.

"A'a, yau tsohuwa ta zo a ƙera mata haƙora?" ya ce yana share gumi.

"In ka iya ƙera haƙora ka fara da bakinka, mai baƙin hannu. Linzami muke so."

"Na wa? In naki ne sai na haɗa garma biyu."

Ya kai mu wata rumfa inda ya jera su a jikin gwafa. Ban taɓa sanin linzami iri-iri ne ba sai ranar. Akwai irin na kakana, mai dogon harshe, ya ce na masu fita in an yi kururuwar hari ne, waɗanda ke son doki ya tsaya cak ko yana tsakiyar sukuwa. Akwai wanda aka tsattsaga harshensa kamar zarto, ban so ko taɓa shi ba. Akwai mai gajeren harshe da aka zura wa 'yan ƙananan zobba, ya ce doki yakan yi wasa da su yawu ya zo, bakin ba ya bushewa. Akwai wani mai kwalliyar jan ƙarfe da fatake suka kawo gyara, kyau kamar a rataya a wuya, amma gefensa da kaifi. Can ƙarshe kuma ga wani, sanda ce kawai mai kauri, sumul, babu harshe babu zobe, irin wanda ake fara wa dukushi da shi.

Da Kaka ta ce goɗiya ce ta kayar da mai ita, hannunsa ya tafi kan mai zarto.

"Ga maganinta."

Na ja zanen Kaka. Ta ce, "Yi magana, ba ya cizo, haƙoran babu." Na kasa. Sai na miƙa masa zaren kawai. Ya juya shi, ya ga ƙullin, Kaka ta yi masa bayani, har da mikin.

"To ai ba ku faɗa ba. Bakin nata kenan? Wannan ai bakin akuya ne." Ya dube ni. "Jikalle, wanne kika gani?"

Na nuna sandar nan sumul. Ni dai abin da ke raina kada ƙarfe ya sake taɓa ganɗarta. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya yi kusa da awon, mu ɗauka mu gwada, in bai yi ba fartanya tana nan.

Da mikin ya rufe Baba ya fito da ita fili, bayan gari kusa da gonar rogon maƙwabcinmu. Baffa ya zo kallo. Ni da Kaka muka tsaya a gindin ɗorawa kamar masu tsintar itace. Ta karɓi linzamin ba gardama. Baba ya hau, ta yi tafiya lafiya lau, kai a miƙe, kunnuwa gaba. Zuciyata ta yi fari. Sai ya sake ta ta yi sassarfa, daga nan ta zarce da gudu. Da ya zo juyawa ya ja kamazuru, ta ɗaga hanci sama ta ci gaba abinta. Ya ja, ya ƙara ja, har ya kwanta baya. Ba ta tsaya ba sai da ta keta dangar maƙwabci ta shiga tsakiyar rogo, ta sunkuya ta fara ci.

Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, sannu da zuwa gona! Wannan linzamin na tsofaffi ne, ka mayar wa masu shi su sa wa tunkiya."

Baba ya sauko fuskarsa a murtuke. Ya je ya ba maƙwabci haƙuri, ya gyara danga da hannunsa. Da ya zo wucewa ta gabanmu ya ce wa Kaka, "Iya, an gwada. Jibi dillali zai zo."

A gida na shiga ɗaki na fuskanci bango. Kaka ta ce, "To, ƙawata, mun yi iyakar yinmu. Abin da ba rabonka ba ko a bakinka yake sai ya faɗi." Ina ta maido da abin da na gani a filin. Ba ta yi wurgi da kai ba ko sau ɗaya. Ba ta miƙe tsaye ba. Ba tutsu ta yi ba, hanci kawai ta ɗaga, sandar ta zame ta koma kan haƙora, ta daina jin hannunsa. Da akwai abin da ya riƙe haɓar, da ba ta iya ɗagawa haka ba.

Na juyo na ce, "Kaka, zobe ne babu."

"Zoben da ya saɓule mata fata?"

"Wancan ya yi yawa ne. A yi daidai ita. Harshen kuma gajere, kada ya kai ganɗa."

"Ke, ni na gaji. Ƙafafuna ba na aro ba ne."

Na ɗauko mata mayafinta da sandarta na ajiye a gabanta, na tsaya a bakin ƙofa. Ta yi ta faɗa, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin shiru mai taurin kai irin nawa ba, ta ce gadon kakana na yi. Tana faɗa tana ɗaura mayafin.

Maƙeri ya riga ya ji labarin rogo, gari duk ya ji.

"Mahayan rogo, sannunku! Yau kuma wace gona za a shiga?"

"Taka, in kana da ita," in ji Kaka. "Saurari yarinya."

Wannan karon na yi magana, idona a kan tokar murhu. Na ce ina son mai gajeren harshe ɗin nan mai 'yan zobba, amma sandar ta yi kauri kamar wadda muka ɗauka, faɗinta daidai zaren farko, zoben haɓa kuma daidai zare na biyu da ɗan sarari. Ya ce gajeren harshe ba ya tsayar da doki. Na ce ba tsayawa ta ƙi ba, ji ne ba ta yi ba. Ya ce zai yi, amma in ta sake shiga rogo kada a ambaci sunansa.

Muka zauna a kan kututture ya hura wuta. Ya sa fartanya ta yi ja, ya yanka, ya naɗe, ya yi ta bugu yana juyawa da awartaki. Yakan ɗauko zaren ya gwada daga nesa don kada ya ƙone. Da ya tsoma a ruwa ya huce, ya miƙo mini. Na bi shi da yatsa ko'ina. A inda harshe ya haɗu da sanda na ji ɗan kaifi, na mayar masa. Ya goga da magagari ya miƙo. Na sake ji a gefen zobe, na mayar.

"Tsohuwa, wannan jikar taki surukar wa za ta zama? Ina tausaya masa."

"Goga dai, ba a tambaye ka ba."

Sai da na sa ƙarfen a leɓena na ja ban ji ya kama ba, sannan na karɓa. A gida na samu guntun fatar akuya mai laushi na naɗe ƙasan zoben, inda zai zauna a kan tabon, na ɗinke da zare.

Matsalar da ta rage ita ce Baba ya ce an gama gwaji. Da safe da ya zo gaisuwa Kaka ta tura masa linzamin gabansa.

"Iya, jiya gari ya yi min dariya."

"Dariya ba ta karya ƙashi. Hawa ɗaya ya rage min a cikin alkawarinmu, dillali sai gobe. Kuma ka ji: hannunka irin na ubanka ne, kamar mai jan guga. Shi dokinsa ya iya ɗauka. Wannan ka ja kaɗan ka saki, ka ga abin da za ta yi."

Ya ɗauki linzamin ya juya shi. Ya shafa fatar da aka naɗa, ya duba ɗinkin. Ɗinkina ne, karkatacce, duk gidan an san shi. Ya tashi da shi.

Bai je filin jiya ba, ya fita ta ƙofar gabas inda babu mutane, bai kuma kira Baffa ba. Ba a ce in zo ba, sai na ɗauki tulu na bi hanyar rafi, na tsaya bayan wata kuka. Da ya sa mata, ta ɗan ja baya da ta ji zobe a haɓa, sannan ta fara motsa 'yan zobban da harshenta, ina jin ƙararsu ƙyal-ƙyal. Ya hau. Tafiya, sassarfa, sannan gudu. Da ya kai ƙarshen fili na ga kafaɗunsa sun tashi zai fizga kamar yadda ya saba, na runtse ido ɗaya. Sai ya sassauta, ya ja kaɗan. Ta sunkuyar da hanci, ta rage gudu, ta yi 'yan taku ta tsaya. Ba irin tsayawar da maza ke yabo ba ce, wadda doki ke zamiya ƙura ta tashi. Tsayawa ce kawai. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya sake sakinta ya sake tsayar da ita, ya yi ta yi har rana ta ɗaga. Na cika tuluna na riga shi gida.

Washegari dillali ya yi sallama da igiyarsa a kafaɗa. Ya tarar Baba ya ɗaura sirdi, an yi wa jakuna lodin taba.

"Ka ɗaura mata sirdi kuma? Ai da ka bar shi, mai saye da nasa zai zo."

"Danja za ni," in ji Baba. "In kana so mu jera."

"A kanta? Ka yi sallama da iyali dai ko?"

"Na fasa sayarwa. Ka yi haƙuri da wahalar da na ba ka, goronka yana nan."

Dillali ya leƙa bakin goɗiyar ya ga sabon ƙarfe. "Ina na marigayi?"

Kaka ta amsa daga cikin gida, da ƙarfi yadda 'yan waje za su ji: "Yana inda mai shi ya bar shi. In ka samo ingarma irin nasa ka kawo, sai a sauko da shi."

Suka tafi, Baba a sama, dillali a ƙasa yana ta surutu.

Sai washegari da la'asar ya dawo. Ina jin takunta na fito da ruwa. Ya sauka, ya kwance sirdi, ya zare linzamin ya rataya a kan turke maimakon ya kai zaure, ya shige ciki. Kumfar bakinta fara ce tas. Na bari ta sha ruwa, na duba kwatarniya, ruwa garau. Na ɗaga leɓe: dasashi lafiya, ganɗa lafiya, haɓa ko gashi bai tashi ba. Amma a kusurwar baki ta hagu akwai wani ɗan wuri da ya yi ja, bai fashe ba, kamar ƙwayar gero. Na ɗauki linzamin na duba. Inda kamazuru ke shiga, ƙarfen ya ɗan lanƙwaso ciki, shi ke shafarta in an juya ta.

Na kai wa Kaka na nuna mata.

"Wannan ɗan abin? Ke, ko sauro ya fi shi."

"Doguwar tafiya za ta mai da shi miki. Jibi Malumfashi za shi."

Ta miƙe ƙafafu ta jawo kwandon auduga. "To ni kam na yi nan. Kin san hanya, kin san baƙin hannun, bakinki kuma na ga yana buɗewa in ya ga dama."

Na tsaya jim ina jiran ko za ta sake shawara. Ta fara kaɗi. Rana ta yi sanyi amma ana jin bugun maƙera daga nesa, bai tashi ba tukuna. Na naɗe linzamin a gefen zanena na fita ni kaɗai, ina maimaita abin da zan ce masa a hanya.